Maharan Mudi

Awaisu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Tun yana ƙarami ba shi da magana, da ya girma kuma bai ƙaro ba. Facin roba yake yi a bakin kasuwar Malumfashi. In bokitinki ya tsage, ko butar maigida ta huje, ko jarkar man gyaɗa ta fara yoyo, wurinsa za ki kai. Yana da kaskon gawayi da 'yan ƙarafa masu faɗin baki da yake turawa cikin wuta. Sai ya yanko guntuwar tsohuwar roba ya narka a kan tsagar, ya shafe, ya zuba ruwa ya gwada. Da wannan ya ci da iyalinsa, sai 'yar gonar gado da muke da ita a Ƙarfi.

Sojojin roban da suka ɗauke masa hankali kuwa ba nemansu ya yi ba. Wani mai kasa kayan wasan yara ne da ke saro kaya daga Funtua ya kawo masa leda guda ta karyayyun sojojin roba, irin korayen nan da ake saya wa yara da salla, ya ce ya narka ya yi faci da su. Awaisu ya ɗauki ɗaya ya ɗora masa ƙarfe a ka. Hular ta yi laushi ta zubo gefe, sai ya ga kamar rawani. Shi ke nan fa, an gama da ƙanena. Ya ajiye bokitin mutane ya zauna yana juya ɗan abin nan a hannu har mai bokiti ta gaji ta tafi.

Ni dai ban taɓa ganin aikin wahala irin wannan ba. Zai sa reza ya yanke bindigar, ya kankare jakar baya da takalmin. Ya ɗumama hannun sojan kaɗan ya lanƙwasa shi yadda zai riƙe mashi. Mashin waya ce, ya buga bakinta da guduma ta yi faɗi. Garkuwa daga jikin jarka yake yankowa, kwari kuma daga bututun biro. Riga da rawani ƙyalle ne na wurin tela, ya jiƙa da gam ya naɗa da tsinke. Da maƙwabta suka fara gunagunin wai gumaka yake tarawa, sai ya koma yana jawo wa kowanne amawali ya rufe fuska, wanda ba shi da rawani ya shafe masa fuskar da ƙarfe. In ya gama ya shafa fenti da gashin kaza, ya kafa mutumin a cikin murfin kwalba ya cika da yashi don ya tsaya. Na sha ce masa, "Awaisu, da hannun nan naka ka koyi gyaran agogo da yanzu kana da shago." Sai ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da kankararsa.

Da shi kaɗai ne da abin ya tsaya a kallo. Mudi ne ya mayar da shi yaƙi. Mudi abokinsa ne tun suna kiwon awaki, manomin masara, dogo kamar gwangwala, bakinsa ba ya rufuwa. Tun daga kan kwana ake jin dariyarsa. Shi ya tuna wa Awaisu labarin da kakanmu ke bayarwa, na zamanin da mahara ke faɗo wa ƙauyuka da kaka su kore shanu su fasa rumbu. Ko haka aka yi ko tsoho ne ya ƙara gishiri, oho, ban ga zamanin ba. Suka samo tsohon ƙyaure suka ɗora a kan jarkoki a zauren Awaisu, suka baza yashi. Awaisu ya gina ganuwa da laka, ya yi 'yan rumbuna da kara. Shi ne mutanen gari, Mudi ne mahara. Mutanen ba su da yawa, 'yan kaɗan nan 'yan kaɗan can. Suna jefa ɗan lido, wannan mai ɗigo-ɗigo, shi ke faɗin wanda kibiya ta samu da wanda ta kuskure.

Kowace Juma'a bayan la'asar suna nan. Gemu ya fara fari suna nan. Ka ji Mudi yana ihu, "Na shigo! Wallahi na shigo ƙofa!" ka ji Awaisu can ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ba ka shigo ba." Maharan duk Awaisu ne ya ƙera, amma yadda Mudi ya ce. Wannan a sa masa jar riga, wancan a rataya masa layu, wannan a karkata masa wuya don wai makaho ne ta ido ɗaya. In an tashi Mudi ya kwashe abinsa cikin gwangwanin madara ya tafi gida da su, ya ce ba ya barin mutanensa su kwana a garin abokan gaba. Ni kam tsaki nake yi. Na ce manya biyu, ɗaya har da jika, sun zauna suna wasan 'yar tsana.

Bara da girbin masara Mudi ya faɗi a gona. Kafin a samo abin hawa a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Awaisu ya je jana'iza, ya kama makara, ya zuba ƙasa. Ya zauna zaman makoki tare da maza. Mutane na cewa Allah ya jiƙan rai, shi kuma leɓe kawai yake motsawa. Bai yi kuka ba, bai ambaci sunan ba. Daga nan ya daina fita kasuwa. Ba ciwo yake ba, jikinsa babu zafi. In an ajiye masa tuwo ya ci loma kaɗan kamar mai tauna ƙaiƙayi, in ba a ajiye ba bai tambaya. Ran Juma'a bayan la'asar ya shiga zaure ya jera mutanensa a kan ganuwa, ya zauna yana kallon yashin da ke gabansu har a kira magariba, ya kwashe.

Sadiya matarsa ce ta zo ta same ni ina tuyar awara. Ta ce, "Yaya Hajo, ƙanenki fa tafiya yake yi muna kallo." Na je na gan shi. Wuyan riga ya yi masa yawa. Na yi faɗa, na yi nasiha, na ce kowa zai mutu, na ce ba a kansa aka fara ba. Ya ce, "To, Yaya." Wallahi da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Tsoro ya kama ni sosai, don na taɓa ganin tsoho ya bi abokinsa haka kawai ba ciwon komai. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ban shirya binne shi ba.

Sai na yi tunanin maharan. Na ce in ya ga abin Mudi a gabansa, ko kuka ne ya yi, ko faɗa, wani abu dai ya motsa. Na yafa gyale na tafi wurin Naja'atu matar marigayin, tana cikin takaba. Muka gaisa, na yi mata ya ƙarin haƙuri, sannan na ce ina gwangwanin nan na Malam Mudi.

Ta ce, "Wanne? Na 'yan tsanar nan? Ai ranar sadakar bakwai muka rabar."

Na ce, "Kuka me?"

Ta ce, "Da aka fito da kayansa aka ba da riguna da huluna sadaka, sai ga gwangwanin. Yara sun cika gida suna karɓar waina, aka ce a ba su, lada ne gare shi. Kowa ya ɗauki ɗaɗɗaya." Ta dube ni ta ce, "Laifi ne, Yaya?"

Me zan ce wa mace mai takaba? Abin da aka saba ta yi, kayan mamaci ba a barin su jibge. Mata ba sa shiga zauren nan, ita a wurinta abin wasa ne, ni ma ai haka na ɗauke su shekara da shekaru. Na ce, "Ba laifi, Allah ya kai ladan."

Daga nan na shiga bin gidaje. Ni Hajo, da furfurata, ina sallama ina tambayar 'yar tsana! Wata ta ce ta jefa a murhu, ba ta ajiye gunki a ɗakinta. Wani gida na samu ɗaya a turken awaki, an taka shi cikin kashi. Wani an tauna masa kai. Mai jar rigar nan na same shi ɗaure da zare a bayan motar gwangwani ana jan sa a ƙasa. Wasu matan har dariya suke yi mini a bayan labule, ina ji, na ce ku yi, ranarku ce. Abin da na tsinto bai kai rabi ba. Na wanke su da sabulu na ƙulle a bakin gyale.

Ran Juma'a na jira ya shiga zaure ya jera mutanensa, sannan na yi sallama na shiga. Na kwance gyalen na zube su a kan yashi. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki mai jar riga ya miƙe masa mashin da ya lanƙwashe, ya hure ƙurar jikinsa. Bai tambayi inda na samo su ba, bai tambayi sauran ba. Fuskarsa ba ta canja ba.

Na jawo kujerar da ke ɗaya gefen na zauna. Na ce, "Yau ni ce maharan. Nuna mini."

Ya jera su a bakin ƙyauren, can nesa da ganuwa. Ya miƙo mini ɗan lidon. Na jefa.

Ya ce, "Matsar da su taƙi biyu."

Na ce, "Da me ake aunawa?"

Ya ce, "Da hannu. Kowa da nasa."

Na buɗe hannu na kafa babban yatsa a yashi, na auna taƙi biyu na matsar da su. Ya jefa, kibiya ta samu ɗaya, ya kwantar da shi. Na sake jefawa na sake aunawa. Ya sake kwantar da wani. Kafin in kai rabin fili duk sun kwanta, ko inuwar ganuwa ba su taka ba.

Ya ce, "Hannunki ƙarami ne, Yaya."

Ya tashi ya zagayo wajena, ya tayar da su ya mayar baya. Ya jefa musu da kansa, ya auna da nasa hannun, gajerun yatsun nan da wuta ta cinye. Ya koma gefensa ya jefa wa 'yan gari. Haka ya yi ta zagaye yana yi wa ɓangare biyu. Wannan karon sun ɗan matso, amma nan ma suka ƙare a fili. Ya tsaya hannunsa a buɗe a kan yashi.

Ya ce, "Shi in ya buɗe hannu sau biyu ya ci rabin filin nan. Don shi na kai ganuwar can baya. Da tana nan kusa kullum sai ya cinye ni."

Na ce, "To ka matso da ita mana."

Ya girgiza kai.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Awaisu! Wannan ma abin tsayawa ne? Ga kara nan, yanko ɗaya daidai tsawon taƙin marigayin mu riƙa aunawa da shi, magana ta ƙare."

Ya ɗauki karan, ya ɗauki reza. Ya ɗora bakin rezar a wani wuri, ya ɗan matsar da ita gaba, ya dawo da ita baya. Ina kallonsa. Ya buɗe hannunsa a jikin karan ya ƙara yatsa biyu, ya dube shi, ya ƙara na uku, ya cire.

Ya ce, "A ina zan yanka? Ban taɓa aunawa ba."

Ya ajiye rezar a hankali, ya ajiye karan. A waje wani mai motar haya ya wuce yana kiran fasinjan Kafur. Can Awaisu ya ce, da muryarsa ta kullum, kamar mai faɗin kuɗin faci, "Allah ya jiƙan Mudi."

Na ce amin. Na jira kukan, bai zo ba. Ya jawo gyalena ya shimfiɗa, ya kwashe maharan ɗaya bayan ɗaya ya zuba. Ya ce in mayar wa yaran, tunda an riga an ba su sadaka, ba a karɓe sadaka. Sannan ya miƙa hannu kan ganuwa ya fara sauko da nasa mutanen, su ma yana zubawa.

Na ce, "Har da naka?"

Ya ce, "Wa zai kawo musu hari?"

Washegari da safe ya ɗauki kaskonsa ya fita kasuwa. Da rana ya aiko gida a kai masa abinci, ya cinye. Sadiya ta zo har gida tana yi mini godiya, tana cewa Allah ya saka, na dawo mata da miji. Na ce mata ba komai. Ƙullin yana nan a kan gadona ban kwance ba tukuna, ina zaune ina kallonsa. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji baƙin ciki ba. Ta gama godiyarta ta tafi, na tashi na hura wutar awara.