Yayana Kunne, Mai Hayar Lasifika

Inna ce ta laƙaba masa sunan Kunne, tun yana firamare. Muna zaune a tsakar gida sai ya ɗaga kai ya ce babur ɗin maƙwabcinmu ne zai shigo layi, kuma yau da goyo a baya. Kafin a gama yi masa dariya sai ga babur ɗin, ga kuma mutum a baya. Wata rana ya ce wa Baba firjinmu ya kusa mutuwa, wai kukansa ya sauka. Baba ya ce ya bar yi wa kayan gida mugun baki. Ba a jima ba firjin ya tsaya cak, Inna ta ce to daga yau a riƙa tambayar Kunne kafin a sayi duk wani abu mai kuka, har kaza.

Ni ce ƙanwarsa, kuma mu biyu ne kawai a wurin iyayenmu. Baba direban bas ne, Inna tana ɗinki a gida. Ba wanda ya taɓa kiɗa a danginmu. A sakandare Yaya ya fara taɓa fiyano, wani tsoho na lantarki da aka jingine a bayan zauren taro, wasu madannansa sun mutu. Da shi ya koya wa kansa, yana tsallake matattun. Idan an tashi makaranta ba ya dawowa sai maigadi ya kore shi. Duk waƙar da ya ji a motar Baba, gobe zai fitar da ita da yatsunsa, har ya ƙara mata abin da ya ce mai ita ya manta.

Da ya gama sakandare, ya ce kiɗa zai karanta a kwaleji. Baba ya ƙi. Ya ce ya sha ɗaukar makaɗa a motarsa, kuma bai taɓa ganin wanda takalminsa ba ya neman ɗinki ba. Gidan ya yi tsami, ana cin abinci ba mai magana. Ana cikin haka wani abokin aikin Baba ya kawo labarin wani sabon kwas da kwalejin ta buɗe, wanda ya haɗa kiɗa da kasuwanci, rabi da rabi. Wai an yi shi ne don kada makaɗi ya fito bai san yadda zai ci da kansa ba. Baba ya saurara, ya ce wannan kam magana ce. Ya kira Yaya ya ce masa, “Rabin kasuwancin nan shi ya sa na yarda. Ɗaya rabin naka ne, ka yi yadda kake so da shi.”

Yaya ya yi murna ƙwarai, mu ma haka. Gani muke an raba gardama.

Da safe kiɗa, da rana kasuwanci, haka karatun yake tafiya. Wata tsohuwar malama ce take koya musu tsara kiɗa da rubuta shi, a wani ɗaki da ke can ƙarshen bene, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Yaya ya ce kashe fankar take yi kafin ta fara, gara su yi gumi da su rasa jin sauti ɗaya. Ta ɗauke shi da muhimmanci tun farko. Ta gaya masa yana da abin da ba a koyarwa, amma abin yana son lokaci da zaman shiru, kuma kishi ne da shi. Malamin kasuwancin kuwa matashi ne mai fara’a, ɗalibai suna kiransa Mai Kwat. Shi ma ya so Yaya. Kullum yana ce musu baiwar da ba ta da kasuwa wasa ce kawai, kuma wanda ya mallaki kayan aiki ba ya roƙon kowa. Cikin malaman nan biyu babu wanda ya yi wa Yaya ƙarya.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya kafa sana’a ta gaske, ita ce jarrabawar rabin kasuwanci. Yaya da wani abokinsa mawaƙi da ake kira Dogo suka samo tsofaffin lasifika, suka gyara, suka fara ba da haya ga masu taro. Abin ya karɓu nan da nan, domin idan Yaya ya daidaita sauti, wanda ke kujerar ƙarshe yana ji kamar da shi kaɗai ake magana. Duk ƙarshen mako suna can suna jan waya. Mai Kwat ya riƙa ba da misali da su a aji. Kiɗan da ya kamata Yaya ya tsara na kammala karatu kuwa, rabi ya kai. Ya buga rabin a gaban malamai, ya tsaya, ya miƙe. Tsohuwar malamar ta ba shi makin wucewa. A bakin ƙofa ta riƙe hannun rigarsa ta ce ya ƙarasa shi, ko ba don takarda ba. Ya ce mata in sha Allah, da zarar ya samu sarari.

Tsarinsa a lokacin mai kyau ne, har ya sha bayyana mana. Zai riƙe hayar lasifika na ɗan lokaci, ya gina ɗakin ɗaukar sauti nasa na kansa, sannan ya zauna ya yi kiɗansa ba tare da wani ya ce masa yi kaza ba. Sai dai bai daɗe da fitowa ba Baba ya faɗi a tasha, ɓarin jikinsa ya shanye. Mota ta tsaya. Ni kuma ina tsakiyar karatu. Ba wanda ya ce wa Yaya ya ɗauki gidan, ya dai duba ya ga ba wani. Ya kama shago a layin masu kayan lantarki, ya ƙaro lasifika, ya sayi janareto da tsohuwar motar ɗaukar kaya.

Dogo ya janye daga sana’ar, ya ce shi ba jan waya ya zo yi duniya ba. Ya sha wuya na wasu shekaru, yana kwana a ɗakunan abokai, daga baya aka fara jin muryarsa a rediyo. Idan zai yi wasa, Yaya yake kira ya kawo kaya. Na taɓa binsu sau ɗaya. Dogo yana sama cikin fitilu, Yaya yana ƙasa a gefe, dab da manyan lasifikan nan da ke girgiza ƙirjin mutum, yana murɗa wannan yana sassauta wancan. Na tambaye shi ko ba ya jin komai a ransa. Ya yi dariya ya ce yana ji mana, yana jin tsirkiya ɗaya ta saki a jitar makaɗin.

Ya yi aure, ya samu mace mai haƙuri, malamar asibiti. Ya sayi fiyano sabo fil ya ajiye a falo. Watan farko yana taɓa shi bayan ya dawo aiki. Daga baya aka lulluɓe shi da zane saboda ƙura, sai kuma ya zama wurin ajiye kayan guga. Matarsa takan zolaye shi ta ce ba ta taɓa ganin teburi mai tsada irin wannan ba.

Ɗakin ɗaukar sautin ma ya gina shi, a bayan shagon. Da hannunsa ya manna soso a bango, ya sa ƙofa biyu, ya shimfiɗa kafet mai kauri. Idan ka shiga aka rufe, har numfashinka kana ji. Ranar da ya gama ya kira ni, ya ce yanzu kam an zo wurin. Ya ware ranar Laraba ta zama tasa. Amma sai masu tallan sabulu suka zo, da masu makarantu masu son waƙar makaranta, da samari masu son a ji su. Kowa sauri yake, kowa Laraba ce ta yi masa daidai, ga kuma maganin Baba da ba ya jira. Sai ya ce a bari sai Laraba mai zuwa.

Ban san lokacin da abin ya fara ba, domin ɓoyewa ya yi. Matarsa ce ta fara lura yana ƙara ƙarar talabijin, kuma idan ta yi magana daga hagunsa ba ya juyowa. Da ta matsa, ya ce wani gyare ne ya shiga kansa yana kuka ba dare ba rana, amma gajiya ce, zai wuce. Bai wuce ba. Wani mai talla ya dawo da aikin da Yaya ya yi masa, ya ce sautin yana soke kunne kamar allura. Yaya ya saurara ya ce shi bai ji komai ba. Mutumin ya ɗauka rainin hankali ne, har suka yi sa-in-sa. Wannan ne karo na farko da aka taɓa dawo masa da aiki.

Ni na raka shi wurin likitan kunne. Aka sa shi a wani ƙaramin ɗaki, aka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji sauti. Ina kallonsa ta gilashi. Likitan yana danna na’ura, Yaya yana zaune, hannunsa a kan cinya, yana jira a fara. Da muka fito likitan ya tambayi aikinsa, da ya ji sai ya gyaɗa kai. Ya ce ƙarar shekaru ce ta cinye jijiyoyin, kunnen hagu ya kusa tafiya, na dama yana binsa, kuma abin da ya mutu a wurin ba ya dawowa. Ya rubuta masa na’urar ji. Da ita yana gane magana idan ba hayaniya. Kiɗa kuwa, ya ce ji yake kamar ana jan gwangwani a kan siminti.

A cikin wannan hali kwalejin ta gayyace shi ya yi wa ɗalibai jawabi, a matsayin wanda kwas ɗin ya yi wa rana. Mai Kwat, wanda ya zama shugaban sashen, shi ya gabatar da shi, ya lissafa motoci da ma’aikata da ɗakin ɗaukar sauti, aka yi ta tafi. Tsohuwar malamar ta riga ta rasu. Yaya ya yi magana kan riƙe alkawari da kula da kaya. Da aka zo tambayoyi wata ɗaliba ta miƙe daga baya, ta yi magana, bai ji ba. Ta maimaita, bai ji ba. Sai Mai Kwat ya sunkuya ya faɗa masa a kunnen dama: tana tambaya a ina za ta samu kiɗansa ta saurara. Yaya ya ce kiɗan yana nan tafe. Aka sake tafi.

Bayan wannan ya rufe ɗakin ɗaukar sautin, ya hana kowa shiga, ya ɗauko fiyanon daga gida. Ya ce ai ya iya rubuta kiɗa, kuma abin yana cikin kansa, zai ƙarasa wancan rabin da ya bari. Ya yi kwanaki yana ciki. Wata rana da rana ya kira ni in saurara. Ya ƙure ƙarar har ina jin kujerar tana rawa a ƙarƙashina. Farkon yana da daɗi, wanda ya tsara tun yana ɗalibi, har na ji idona ya cika. Da ya shiga sabon sai ya riƙa tsayawa, ya koma baya, ya danna wuri ɗaya ya sake dannawa, ya kwantar da kansa a jikin fiyanon. Da ya gama ya kalli bakina. Na ce ya yi kyau.

Ya ce, “Ba kunnen ne ya fi damuna ba, ƙanwata. Kiɗan da ke cikin kaina ma ya fara yin nisa. Da nakan ji shi gaba ɗaya, yanzu sai na yi ta kira.”

Ya kai wa Dogo rubutun, ko zai sa yaransa su buga. Dogo ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi abinci, ya ce abu ne mai kyau amma ba wanda zai yi rawa da shi, kuma cikin masu yi masa kiɗa ba mai karanta irin wannan rubutun. Ya ce a bari ya duba. Har yau yana dubawa.

Baba ya rasu a shekarar da ta biyo. Kafin ya rasu yakan gaya wa masu zuwa gaishe shi cewa shawara mafi kyau da ya taɓa yankewa ita ce ta kwas ɗin nan, Yaya kuma yana zaune a gefe yana gyara masa matashi. Ɗakin ɗaukar sautin yanzu ma’aji ne. An cire ƙofa ɗaya don kaya su riƙa shiga, soson bangon ya fara zubowa. Yaya ya ƙara hayar kujeru da rumfuna, kuma sun fi lasifika tafiya. Ma’aikatansa ne suke daidaita sauti, shi yana kula da lodi. A layin ana ganin girmansa, iyaye suna nuna wa ’ya’yansu shi.

Kwanan baya makarantar babbar ’yarsa ta yi taron ƙarshen shekara, aka ba ta waƙa ita kaɗai. Kujerunsa ne a zauren, lasifikansa ne a gaba. Muka zauna a sahun farko, ni da shi da matarsa da Inna. Yarinyar ta fito da farin kaya, ta riƙe makirfo da hannu biyu, ta yi waƙarta tana kallon babanta. Shi ma bai ɗauke ido daga kanta ba. Da ya ga mutane sun fara tafi, ya yi tafi.

A mota, bayan mun sauke su Inna a gida, ya kashe injin ya juyo ta gefen damansa. Ya tambaye ni ko muryarta ta zauna daidai, ko ta zame a wurin da waƙar ta hau sama. Ya ce in gaya masa gaskiya, domin idan tana da abin, yana so ya sani.

Na ce, “Wallahi Yaya ban sani ba. Ni dai na ji daɗi, amma ban iya ganewa ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce ba komai. Sai ya tayar da motar, ya ce hadari ya haɗo, bari ya koma makarantar, kada a loda masa kujeru a jiƙe.