Giwan Ruwan da Kakanmu Ya Ƙi Ci

Har yau in na bi ta layin masu kifi a kasuwar Sabon Gari ƙamshin banda ya bugi hancina, sai in ji kamar in waiwaya in gaida kakanmu. Fataken kifi yake sayen kaya a hannunsu ya sayar. Daga gabas ya zo tun yana saurayi, ya zauna a unguwar Kwaciri, amma har ya tsufa in ya ce "gida", bakin kogi yake nufi.

A wancan lokaci jirgin ƙasa ne ke kawo kayan. Ranar da zai iso mu jikoki mukan bi kakanmu tasha, ba don mu taya shi komai ba, sai don ɗan gutsuren da zai faɗo. Giwan ruwa sai an yanka shi gunduwa-gunduwa kafin a yi bandarsa, don ba kwandon da zai ɗauke shi ɗungurungum. In kakarmu ta jefa guda ɗaya a miyar kuka, nan da nan maƙwabta ke fara leƙowa da gaisuwar da ba ta da dalili.

Sannu a hankali gunduwar ta riƙa ƙanƙancewa. Can ma aka daina yankawa, don kifin bai kai a yanka ba. Masunta sun koma kamun kifi da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya. Kakanmu kuwa mutum ne mai kafiya, kuma in gaya maka gaskiya, na gaje shi. In kwando ya zo sai ya gwada kifin a hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Wanda bai kai ba, ba zai saya ba. Masu sayen kifinsa suka watse, rumfarsa ta zama wurin shan inuwa. Kakarmu takan tsokane shi: "Malam, yau ma iska aka sayar?"

Duk mai tafiya gida sai ya ba shi saƙo wurin sarkin ruwa, wanda ɗan ƙanensa ne: a hana gidan sauro, a rufe gurbin da kifi ke yin ƙwai. Mutanen gida sun daɗe suna cewa ɗan birni ne, me ya sani. Sai da komar masunta ta fara fitowa fayau, sannan suka rufe da kansu.

Abin ya ɗauki shekaru, har na yi aure na haihu. Wata rana da bazara sai ga mota ta sauke buhu cike da ƙanƙara a ƙofar gida. Ɗanyen giwan ruwa ne, tsawonsa ya kai ƙuguna. Shi ne na farko mai wannan girma da aka kama tun rufewar, kuma a al'adarsu irin wannan babba ake kai wa. Gida ya ɗauki guɗa. Kakanmu ya dogaro sanda ya fito, yana shafa bayan kifin yana dariya kamar yaro.

Da kakarmu ta farke cikin, sai ga ƙwai fal. Dariyar ta ɗauke. Ya juya wurin direban ya ce, "Ka ce musu na gode. Amma uwa suka aiko mini. Gobe in sun kama irinta, su aiko da labari, ita su bar ta a ruwa."

Aka dafa, unguwa ta ci, shi ko romo bai kurɓa ba. A ranar na ji haushinsa sosai, don ni har ƙari na yi.

Kakanmu ya daɗe da rasuwa. Yanzu bayan damina 'yan uwa sukan turo mini hoto a waya: mutum biyu rungume da kifi, ruwa iya ƙirji, kafin su sake shi. Wata shekarar hoto biyu, wata shekarar babu ko ɗaya, kuma duk ranar da ya shigo wuni nake cikin farin ciki. 'Yata ta taɓa tambayata yaya ɗanɗanon kifin nan yake. Na ce mata ta yi haƙuri, ƙila 'ya'yanta ne za su gaya mata.