Likitan da Bai Ga Gawa Ba

Shekarar da na gama jami'a aka kama kawuna, manomin albasa a Kwargaba. Sun yi sa-in-sa da maƙwabcinsa na fadama kan wanda zai fara ban ruwa, kawu ya kai masa ƙotar fartanya a kafaɗa. Wannan ba mu taɓa musantawa ba. Bayan kwana biyar ko shida, ban tabbata ba, mutumin ya rasu da hantsi. Kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi, an rufe shi, yadda muke yi wa kowane mamaci. Babu wanda ya yi tunanin kiran likita ya duba gawa. Sai da aka watse daga zaman makoki 'yan'uwansa suka kai ƙara, aka tuhumi kawu da kisa.

Shari'ar duka ta rataya a bakin wani dattijon likita na Wurno, wanda ya duba raunin washegarin faɗan. Lauyanmu ya faɗa mini cewa kotu tana karɓar ra'ayin gwani a fannin da ya ƙware, amma dole ra'ayin ya tsaya kan abin da ya bincika. Na ji tsoro duk da haka, domin tsakanin likitan da dangin mamacin akwai surukuta.

A kotu mai gabatar da ƙara ya tambaye shi, "Likita, mi ya kashe mutumin nan?"

Ya ce, "Ban sani ba."

"Shekara nawa kana aiki, ka ce ba ka sani ba?"

"Shekarun na da yawa, Yallaɓai, amma ba su taɓa nuna min cikin kabari ba. Na ga kumburi a kafaɗa, ƙashi bai karye ba. Na ga zazzaɓi mai zafi, na ce a kwantar da shi, ya ce albasarsa na jiran ruwa, ya tafi. Gawa kuwa ban ganta ba."

"To, ka yi mana hasashe."

Sai likitan ya juya ga alƙali. "Ranka shi daɗe, in hasashe aka so, ga mutane cike da kasuwa, kowa na da nashi."

Alƙali ya karɓi shaidarsa kan raunin da zazzaɓin, ya ce batun sanadin mutuwa babu shaidar gwani a gabansa. Tuhumar kisa ta faɗi. An ɗaure kawu wasu watanni saboda raunin, kuma ya cancanci hakan.

A bakin kotu na bi likitan zan yi godiya, ya tare ni.

"Ɗana, ban wanke kawunka ba. Ta yiwu bugun ne, ta yiwu zazzaɓin ne. Allah Shi ya sani."

Ya wuce ya gai da surukansa, biyu daga cikinsu ba su amsa ba. Kawu ya dawo gida ana dashen albasa. Tun daga nan, sai 'ya'yan mamacin sun gama ban ruwa yake tayar da injin ban ruwansa.