Gadon da ke Bakin Taga

Ana sallame sallar asuba muka bar Jos, ni da wata 'yar ajinmu, sanyi na cizon yatsu. A shekarar ƙarshe ta karatun likita akan ba ɗalibi sati huɗu ya zaɓi fannin da yake so, ya je wani asibiti ya ƙaro sani. Mu biyun muka zaɓi fannin cututtukan cikin jiki na manya, wato su zuciya da ƙoda da hanta, muka kuma zaɓi Kano, ni dai don ina da Gwaggo a Gyaɗi-Gyaɗi, masauki ya samu.

A Saminaka muka karya da gasasshiyar masara, mai sayarwa na rantsuwa yau aka karyo ta, haƙoranmu na ƙaryata ta. Da muka shiga dajin Falgore direba ya kashe rediyo, kowa ya kama bakinsa don tsoron 'yan fashi, har wata tsohuwa da ta yi ta faɗan tsadar kuɗin mota tun daga tasha. Ba a sake magana ba sai da muka ga gonakin shinkafa wajen Kura. Muna sauka a Unguwa Uku zafin Kano ya yi mana sannu da zuwa, rigunan sanyinmu suka zama abin dariya.

Gwaggo ta tarbe mu da gurasa bandashe da zoɓo mai sanyi. Ita ce ta haɗa mu da Malam Habu, wani magidanci mai adaidaita sahu da ke zaune a Ƙauyen Alu, mutumin wajen Rano ne da neman abinci ya kawo shi birni. Kullum ƙarfe bakwai yana ƙofar gida. Ba shi da yawan magana, sai dai ya ce, "Likitoci, an tashi lafiya?" mu ce ai ba mu zama ba tukuna, ya ce saura ƙiris.

Babban likitan sashen dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ranar farko ya karɓe takardun gwaji daga hannunmu ya kife su. Ya ce kafin mu taɓa mara lafiya mu kalle shi, kafin mu aika jini ɗakin gwaji mu yi amfani da hancinmu. A ɗakin maza ya tsayar da mu gaban gadon da ke bakin taga. Wani tsohon tela ne daga Babban Giji, kowa Baba yake ce masa, hantarsa ta gama lalacewa. Likita ya sa shi miƙe hannuwa ya ɗaga tafuka sama, sai ga su suna kaɗawa kamar fukafukan tsuntsun da ya gaji. Sannan ya ce mu sunkuya mu shaƙi numfashinsa. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar an rufe ɗaki da ruɓaɓɓiyar gwanda a ciki.

"Ku riƙe shi," in ji likita. "In hanta ta gaza, dafin da ba ta tace ba yakan hau kai. Wannan warin shi ne sallamarsa."

Aka ba ni Baba in riƙa bin lamarinsa. Sati biyu ina auna shi ina rubutawa, 'yarsa na gefe tana yi masa fifita. A sati na uku ya daina gane kowa, har ita.

Ranar wata Talata da tsakar rana aka ɗauke wuta. Fankoki suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, ɗakin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan da ake ƙara wa na gadon kusa. 'Yar Baba ta fita sallah. Ina riƙe da wuyan hannunsa ina ƙirga bugun jini, sai ya buɗe ido. Ba irin buɗewar da ya saba ba. Ya dube ni sosai, da murya garau ya ce, "Likita, ki gaya wa mai kawo ki ya daina jinkiri. Na ɗumama masa wuri."

Na ce, "Wa, Baba?"

Ya mai da idonsa ya rufe. Na rubuta a takarda cewa ruɗewa na ƙaruwa, don abin da littafi ya ce ke nan. Washegari bayan azahar Allah Ya yi masa rasuwa.

Ranar Alhamis da safe muna shiga adaidaita warin nan ya buge ni. Na ɗauka a hijabina ya maƙale. Da muka dawo na wanke shi har sau biyu, na shanya, na turara. Juma'a da safe na sa wani daban, warin na nan. Na tambayi abokiyar tafiyata a hankali, ta ce ita hayaƙi kawai take ji, da ma mura take yi. Na ɗaga kai na dubi madubin gaba, idon Malam Habu ya haɗu da nawa. Farin idon ya koma kamar an ɗiga masa ruwan kurkum. Na kau da kai. Gaskiya tsoro ne ya hana ni magana, don in na yarda da abin da hancina ke gaya mini, sai in yarda da abin da Baba ya faɗa.

Ranar Asabar muna da zagayen safe. Malam Habu ya makara, abin da bai taɓa yi ba. Muna tafe ya wuce kwanar da ya yi sati uku yana bi, ya miƙe cikin Tarauni, yana tafiya a tsakiyar titi, masu mota na ta danna masa oda bai ko waiga ba. Da na yi magana sai ya ce, "Yanzu za mu isa, Sa'a." Sa'a sunan ƙanwarsa ne, daga baya na sani.

Na ce, "Malam Habu, don Allah tsaya."

Ya tsaya gaban wani mai facin taya. Na sauko na sa shi miƙe hannuwa ya ɗaga tafuka. Suka fara kaɗawa. Mai faci ya aje abin da ke hannunsa yana kallo.

"Shawara ce, Likita," in ji shi. "Ina shan jiƙo, wata uku ke nan."

"Ba gida za ka koma ba yau. Asibiti za mu je, kuma ba kai za ka tuƙa ba."

Ya ce yara na jiran cefane. Na ce yaran sun fi bukatar ubansu. Mai facin ne ya taimake ni, ya karɓi makulli ya tuƙa mu da kansa.

Babban likita ya duba shi minti biyu kawai ya ce a kwantar da shi. Da na ga gadon Baba aka nufa da shi, na bi ma'aikaciyar jinya da ke kula da ɗakin ina roƙonta. "Sista, ko wani gadon daban?" Ta ce ɗaki cike yake, guda ɗaya ne babu kowa, tun Laraba. An wanke katifar, an sa sabon zanin gado, fanka na kaɗawa a kai. Malam Habu ya kwanta, ya gyara kafaɗa, ya yi ajiyar zuciya.

"Gadon nan da ɗumi," ya ce.

Na kai hannu na taɓa zanin. Sanyi ƙalau.

A ranar na ba babban likita labarin duka. Bai yi dariya ba. Ya ce mai irin wannan ciwo yakan farfaɗo na ɗan lokaci, wataƙila kuma Baba ya taɓa hango mu ta taga ana sauke mu, ya ga idon mutumin ya gane irin nasa. Hankalina ya ɗan kwanta. Da yamma na je na leƙa tagar. Katangar baya ce kawai, da wata bishiyar darbejiya, da siririyar hanyar da ake bi da gawa. Ƙofar shiga tana can ɗaya ɓangaren ginin. Na tambayi matar Malam Habu ko sun san wani tela a Babban Giji, ta ce ko unguwar ba su taɓa shiga ba.

Gwaji ya nuna ƙwayar cutar hanta ce ya daɗe da ita bai sani ba, jiƙon kuma ya ƙara mata nauyi. Aka fara magani. Kwana uku yana kiran sunayen mutanen ƙauyensu, a na huɗu ya dube ni ya ce, "Likita, ina kekena?" Na fita baranda na yi kuka. An gwada matarsa da yara, aka yi wa waɗanda ba su kamu ba allurar rigakafi.

Ranar da muka gama, Gwaggo ta cika mana jaka da kilishi da alkaki, muka kamo hanya. Na yi barci tun daga Kwanar Dangora, sai sanyin Jos ne ya tashe ni. Umma ta ce na rame, na ce zafi ne.

Abin da na koyo ba a littafi yake ba. Na ga alama tun ranar Alhamis, na yi shiru har Asabar don ina tsoro, kuma a cikin kwana biyun nan mutumin yana ɗaukar mata da yara a titi da kan da ba nasa ba. In kun ga idon wani naku ya canza launi, ku yi magana ranar, ku bar jiƙo ku je a gwada jini.

Shekaranjiya matar Malam Habu ta kira ni, ta ce an sallame shi, yana cin abinci, yana gaishe ni. Muka yi ta hamdala. Sai ta rage murya ta ce, "Likita, kin san da za mu fito ya tsaya ya dafa gadon, ya ce in ba ki wani saƙo..."

Na ce layi ba kyau, ta gaida yara. Har yau ban kira ta ba.