Kawu Iro, Mai Kushe Hajarsa

Duk wanda ya ci kasuwar Karaye ko ta Rogo a ƙarshen zamanin Turawa, ina jin ba zai manta da Kawu Iro mai littattafai ba. Kowane ɗan kasuwa yabon hajarsa yake yi, shi kuwa kushe tasa yake. Zai sauke akwatin daga kan jaki, ya shimfiɗa tabarma, ya kasa littattafan kashi uku: na ɓarayi da 'yan sanda, na yara masu hotuna, da na tarihin manyan mutane. Kana kai hannu sai ya cafke maka wuyan hannu.

"Tsaya tukuna in gaya maka ciwonsa. In ka ji ka gani, sai ka biya."

Wan mahaifiyata ne. Da furfurarsa ya shiga ajin manya ya koyi boko, ya kuwa kama karatu kamar zai haɗiye takarda. Akwatin ba nasa ba ne, na ofishin karatun manya ne, ana ba shi 'yar la'ada a kan abin da ya sayar. Ni na kai sunansa ofishin, lokacin ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, ina koyar da ajin manya, kuma tun ranar ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Akwatin nan shi ne abincinsa, shi ne kuma abin da ya mai da shi mutumin da ake zagayewa a kasuwa bayan ƙarfinsa na noma ya ƙare. Kullum ina tsoron bakinsa zai raba shi da shi. Saboda yawan kaffa-kaffa ɗina ma ya laƙaba mini suna Malam Wataƙila. Ban ce sunan bai dace ba.

Wata rana a Rogo, Sale mai tsire ya ɗauki wani na ɓarayi, mai hoton wuƙa a bango. Kawu ya riƙe shi.

"Wannan in ka fara ba ka ajiyewa, gaskiya ce. Nama zai ƙone a tukuba kana tsaye. Amma ka sani, mutanen cikinsa ba su da tarbiyya. An kashe bawan Allah tun shafin farko, har littafin ya ƙare ba wanda ya je gaisuwa. Ba jana'iza, ba sadakar uku. Ɗan sandan ya faɗa gidan ba sallama, ya hau yi wa matar tambayoyi, tana cikin takaba!"

Sale ya matso, ido waje. "To Kawu, wa ya kashe shi?"

"Ka ga irinta ko? Ko buɗewa ba ka yi ba ya ɓata ka. Kai ma ba ka ce Allah ya jiƙansa ba!"

Sale ya biya yana dariya. A gaskiya, ko da yake ban so in faɗa a lokacin ba, irin waɗannan littattafai sun koya wa ɗalibaina karatu fiye da ni. Mutumin da zai yi mako yana kokawa da layi ɗaya a allo, in yana son ya san ko an kama ɓarawo, sai ka ga ya cinye shafi kafin la'asar. Kawu ya san haka, shi ya sa da ruwan fari ya sauka sai ya kwashe su duka ya tura ƙarƙashin gado. Ba sayarwa sai an gama maimai. Wai ya taɓa tarar da wani Audu a gindin ɗorawa da littafi, ciyawa ta shanye masa gyaɗa.

Na ce, "Kawu, ina ganin kamar ofis ba su ce a ɓoye su ba, wataƙila in aka ji..."

"Ofis ne zai nome wa Audu gyaɗarsa? In sun zo da fartanya, zan fito da littattafan."

Littattafan yara kuwa, su ya fi ƙauna, su ya fi yi wa wulaƙanci. Yakan ce su kaɗai ne ba sa munafunci, don tun a bango sun nuna maka akuya da takalmi, ka san ƙarya za a yi maka, ka zauna da shirinka. Amma masu zanen ba su tsira ba. Ya taɓa ɗaga wani a tsakiyar kasuwar Karaye yana nuna wa jama'a.

"Ku dubi inda aka ɗora yaron nan! A wuyan jaki! Wanda ya zana wannan ko kashin jaki bai taɓa takawa ba."

Abin da ya fi tsana shi ne shafin ƙarshe, inda ake cewa, to yara, darasin wannan labari shi ne kaza. Sai ya jiƙa ƙaro ya manne shafin da bango. Na roƙe shi ya bari, kayan hukuma ne. Ya ce yaron da ya ga kura ta sha duka ya riga ya gane, ba sai an bi shi da wa'azi kamar wawa ba. Daga baya, da na je jami'a, na ji malamai suna faɗin abin da ya yi kama da wannan da dogon Turanci. Ban ce daga Kawu suka ji ba.

Kuma ya san ba yara kaɗai ke karanta su ba. Dattawa masu jin kunyar a gan su da littafi mai manyan baƙaƙe sukan zo su ce jika za su saya wa. Ba ya tona su, sai dai tsokana. Akwai wani tsoho mai dogon gemu daga wani ƙauye da ake kira Turawa, wanda duk kasuwa sai ya zo.

"Alhaji, jikan naka ya kai ina?"

"Wallahi ya kai inda akuya ta shiga rumbu, ya ƙosa ya ga yadda za ta fito."

"Madalla. Ka ce masa in zai karanta ya riƙa ɗage gemu, yana goge mini hoto."

To, sai na tarihin manya, waɗanda a kansu abin da nake tsoro ya faru. Kawu yakan ce suna da amfani, don mutum ya san an yi wasu kafin shi. Ciwonsu ɗaya ne: duk wanda ke ciki tun yana goyo dattijo ne. Bai taɓa zawo ba, bai taɓa yin ɓatan kai ba, matarsa ba ta taɓa yi masa tsawa ba. "In ka karanta ɗaya," in ji shi, "canza sunan kawai, ka karanta saura."

Ana nan sai aka kawo wani ɗan littafi na tarihin marigayi Madugu Tanko, wanda ya yi ta kai ayari Gwanja sayen goro a zamanin da. Wani malami a birni ya rubuta shi. Ɗan Madugun kuwa shi ne Malam Habu, mai kula da akwatunan littattafai na ƙasarmu, wato maigidana kuma maigidan Kawu. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Kawu yana saurayi ya yi koran jakuna a ayarin Madugun. Na je gidansa tun kafin ranar kasuwa.

"Kawu, ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. Cewa na yi, wataƙila, wannan ɗaya, ka yi shiru kawai."

"Ka karanta inda aka ce ya tsallake Kwara kamar zaki?"

"Na karanta."

"Kai ka riƙe masa ƙafa a jirgin ko ni?"

Ranar kasuwar Rogo Malam Habu ya zo da kansa a kan keke, ya tsaya bayan jama'a don ya ga yadda littafin ubansa ke tafiya. Na ga Kawu ya gan shi. Na yi ta yi masa tari har maƙogwarona ya yi zafi. Wani ya kai hannu, Kawu ya cafke shi kamar kullum.

"Wannan, hanyoyin da ya lissafa daidai ne, zangon duka daidai ne, na taka su da ƙafata. Amma mai shi ba ya ciki. Madugu tsoron ruwa yake yi! In mun iso Kwara, sai mun naɗe masa ido da rawaninsa, ƙarti biyu sun riƙe shi, yana salati yana zagin masu fito har mu kai gaci!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Malam Habu ya jingine keken ya ratso, fuskarsa ba kyau.

"Baba Iro, ubana kake tozartawa a bainar jama'a?"

"Ni? Mai littafin nan ne ya tozarta shi, ɗan Madugu. Wanda ba ya tsoro in ya tsallake kogi, me ya yi? Jakina ma yana tsallakewa. Ubanka jikinsa na ɓari yake shiga, kuma duk shekara sai ya koma, don akwai gidaje da yawa da ke ci a ayarin nan. Wannan ne namijin. An cire shi an sa zaki. Zaki ya taɓa kawo muku goro?"

"Ko ka janye maganar nan yanzu, ko ka sauke akwatin ofis."

Na sa baki, ban ma san me na faɗa ba, ina jin na ce wataƙila duka biyun suna da gaskiya. Ba wanda ya dube ni. Kawu ya tattara littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe musu ƙura da hannun riga, ya jera su, ya rufe akwatin, ya tura shi gaban Malam Habu.

"Ga shi nan. Akwatin naku ne, bakin nawa ne."

Ya kora jakinsa ba kaya ya tafi gida.

Aka ba wani saurayi mai suna Garba akwatin. Kasuwa ta zagayo, Garba ya baje kaya, sai ga Kawu da tabarmarsa. Ya shimfiɗa ta daf da ta Garba, ba ko takarda ɗaya a kai, ya harɗe. Duk wanda ya ɗauki littafi sai ya waiwaya.

"Kawu, wannan fa?"

"Rabin farko lafiya lau. Daga nan marubucin ya gaji, ya kashe kowa don ya huta."

Garba ya kai ƙara. Aka aiko ni in gaya wa Kawu ya tashi. Ya ce in nuna masa dokar da ta hana tsoho zama a kasuwa. Na duba, iyakar sanina babu. Ƙarshe dai Garba ya gane ba ya ciniki sai Kawu na kusa, har yakan kai masa sababbi gida ya fara karantawa, ya haɗa masa da goro. Sau da yawa na lallaɓa Kawu ya je ya ba Malam Habu haƙuri, ko da baki ne, a mayar masa da abincinsa, don na san gidan ya shiga matsi, har jakin sai da aka sayar. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba.

"In ce Madugu zaki ne? In mun haɗu a lahira da wane ido zan dube shi? Ai shi ya san wanda ya naɗe masa rawani."

Bai ƙara riƙe akwatin ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, sai ga Malam Habu, shi ma ya tsufa. Ya yi gaisuwa, ya zauna kusa da ni. Can ya sassauta murya.

"Malam, ni ina ƙarami Madugu ya rasu, ban san shi sosai ba. Baba Iro ya taɓa ba ka wani labarin nasa? Ko wane iri ne."

Na yi ta lalube a kaina, ban sami komai ba sai na kogin nan. Sauran Kawu ya tafi da su. Malam Habu ya ce to in sake ba shi wannan ɗin, tun daga farko, kar in rage komai. Na ba shi.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya yafe masa kaifin harshensa saboda gaskiyar da ke ƙarƙashinsa. Allah ya jiƙan Madugu, ya haɗa su a inuwa ɗaya. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa in an zo ba da labarinmu a samu wanda ya san mu. Amin.