Bugun Zuciyar Baba a Cikin Tiyo

Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a Talata Mafara, shi ya sa da ƙanwata ta dawo daga jami'a da aikinta na shekarar ƙarshe, ni ta ɗora wa wahalar. Wai za mu haɗa zuciya da jijiyoyi na roba, don a gwada wani ɗan famfo da ake sa wa masu raunin zuciya. Na ce mata ni gonakin albasar Bakura na saba shayarwa. Ko murmushi ba ta yi ba.

A ɗakin kusa da zaure muka haɗa abin: tiyo mai nuna ciki, kwalabe biyu, babban famfo a madadin zuciya, da faifan sola a kan rufi. Ta zuba wa ruwan zoɓo don a riƙa ganin tafiyarsa. Da za ta saita babban famfon, sai ta kama wuyan hannun Baba, wanda ciwon zuciya ya kwantar, ta kwaikwayi bugunsa: uku a hankali, ɗan shiru, sannan ya ci gaba. Baba yana tsokanarta, wai ta yi masa zuciya ta ajiya.

Ba a kai ga gwada ɗan famfon ba Baba ya rasu. Kwana biyu hadari ya rufe gari, muka manta da ɗakin.

Ranar sadakar uku, da hantsi, rana ta fito. Muna kan tabarmi ana addu'a, sai muka ji daga rufaffen ɗakin: dum, dum, dum, shiru. 'Yan uwanmu na Maradun suka dubi juna. Ni na ɗaura kowace waya, na san makunnin ne muka bari a kunne, amma wallahi tsigar jikina sai da ta tashi.

Inna, cikin takaba, ta riga mu shiga. Jan ruwan yana zagayawa. Ta ɗora yatsu biyu a kan tiyon, yadda take yi wa hannun Baba.

"Malam na," in ji ta. "Ga inda shika tsayawa. Wanga ƙaramin fa, mi shika yi?"

"Taimakon zuciyar, Inna," in ji ƙanwata.

"Kunna shi in gani."

Ƙanwata ta kunna. Ruwa ya hau kwalba, ko a lokacin shirun bai daina gudu ba. Aikinta ya yi kyau, ita kuwa ta durƙushe tana kuka. Ban taɓa jin haushin injin da ya tashi ba sai ranar.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku kashe shi. An riga an kai shi."

Daga ni har ƙanwata babu wanda ya iya motsi. Inna ta kama wayar da kanta, ta ƙirga uku, ta jira shirun nan ya zo, sannan ta cire.