Baba Rafi'u Ba Ya Wuce Mutum

A ƙarshen shekarar 2021 aka buɗe titin tseren motoci a bakin tekun Jidda, wurin da ake kira Kornish. Cikin 'yan watanni aka gina shi, kuma ya yi suna wajen gudu tun tseren farko. A kan wannan titi Allah Ya ajiye abincin Baba Rafi'u, mutumin da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba.

Bahaushen Sudan ne, ya zo Jidda yana saurayi, ya zauna a unguwar Mahjar har gemu ya yi fari. Motar shara yake tuƙa wa wani kamfani, irin mai buroshi a ƙasa. Idan makon tsere ya zo, shi ke share yashin da iska ta kwaso kafin motoci su fito gwaji.

Aikinsa tsaf. Illarsa ɗaya: ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Titin kuwa kwana ne bayan kwana, kowace da masu gadi da masu ɗaura shinge, cikinsu har da mutanen Kano da na Damagaram. Sai ya taka birki, ya sauke gilashi, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mai jiki.

Wata rana ya makara har gwaji ya kusa farawa yana kan titi. Shugaban aikinsu, Mish'al, ya tare shi a ƙofa.

"Ya ammi, halas! Baba, ya isa haka! Gobe motar nan ta tsaya ko sau ɗaya, kamfani ba zai sabunta maka iƙama ba, takardar zamanka a ƙasar nan."

Baba ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya ce wa matarsa Mastura, "Mutum yana kallona in wuce shi kamar jaki? Ni ba haka aka haife ni ba."

"Malam, da mota aka haife ka?" in ji ta. "Ƙafarka tana nan. Je ka gaishe su da safe, ka bar mana iƙamarmu."

Haka ya yi. Bayan sallar asuba ya bi titin a ƙasa, fiye da kilomita shida, yana raba gaisuwa. Mutum ɗaya kawai bai samu ba, Zaharadden, wani mai gadi ɗan Damagaram da bai iso ba tukuna.

Da rana ya hau mota, yana ɗaga hannu yana wucewa. Sai ga Zaharadden a kwanarsa, yana washe baki. Ƙafar Baba ta nufi birki da kanta. Ya janye ta, ya leƙo ta taga.

"Zaharadden, ba dama in tsaya! Biyo ni!"

Da yake motar shara ba ta fi tafiyar mutum sauri ba, Zaharadden ya jera da ita yana taku. Suka yi gajiya, suka yi iyali, har Baba ya ji labarin haƙorin da autarsa ta fitar.

A ƙofa Mish'al ya dubi agogo, ya dubi Baba.

"Na ga abin da kuka yi."

"Ta tsaya?"

"Ba ta tsaya ba. Yalla, wuce."

Aka sabunta iƙama. Har yau idan makon tsere ya zo, za ka ga motar shara tana tafe a bakin teku, wani na taku a gefenta yana amsa, "Lafiya lau, Baba."